Azumi 30 Ba Ramuwa

Shekarar da na cika 34 na yi azumin Ramadan tun daga ganin wata har jajiberin salla ban sha ko guda ba. Ranar salla muna gidan surukaina, ƙannen maigidan suna lissafin ramuwa, wannan ta ce shida ake bin ta, waccan ta ce takwas. Da aka zo kaina na ce ni ba a bi na komai. Sai guɗa ta tashi. Hajiya, uwar maigidan, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Allah Ya inganta." Ban musa ba, don ni ma abin da zuciyata ke raya min ke nan. 'Yata ɗaya, shekararta 7 a lokacin, kuma tuni aka daina tambayar ƙaninta da habaici aka koma tambaya kai tsaye.

Tsinken gwajin ciki uku na saya, kowanne a kemis daban, don kada mai kemis ɗin layinmu ya gano ni. Duka ukun layi ɗaya suka nuna.

Da na natsu na waiwaya, ai abin ya fi shekara yana yi min sallama. Al'adata da ba ta saɓa kwana 28 ta koma sai ta ga dama: wani zubin kwana 40, wani zubin wata biyu, in ta zo ma ɗan ɗigo ne na kwana biyu. Ni malamar lissafi ce a sakandaren 'yan mata. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu sai in ji wani zafi ya taso daga ƙirji, ya haye wuya, ya mamaye fuska, kafin minti uku hijabina ya jiƙe sharkaf, sannan sanyi ya biyo baya. Cikin hunturu kowa na ƙudundune a bargo, ni ina tashi ƙarfe biyun dare in canza riga. Barci ya ƙaurace min. Na zama masifaffiya, abin da bai kai ya kawo ba sai in rufe ɗalibai da faɗa, in koma ofis in rasa abin da suka yi min. Akwai kuma wanda ba a faɗa a taro: bushewar gaba, har shimfiɗar aure ta zama abin da nake nema wa dabarar gudu.

Watanni na ɓata a hanyar da kowa ya sani. Mai kemis ya ce maleriya da taifod, na shanye magani, ya ce taifod ɗin ce ba ta gama fita ba. A wani ƙaramin asibiti aka ce sanyi ne, aka haɗa ni da allurai ba tare da an ɗebi jinina ba. Maƙwabciya ta kawo hulba, wata ta aiko da sassaƙe a jarka. Hajiya kuwa ta riga ta yanke hukunci: allurar tsarin iyalin da na yi bayan haihuwa ce ta ƙone min mahaifa. Wannan maganar ta fi komai ci na, domin na yarda da ita.

Wata ƙawata nas ce ta ce in daina yawo da hankalina in je wurin likitan mata. Na yanki kati a babban asibiti, na kama layi tun bayan asuba, ban shiga ba sai dab da azahar. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta tambayi rabona da jini, na ce wata biyar. Ta rubuta gwaje-gwaje a jere: na ciki ta jini, na sinadarin da ke kawo ruwan nono, na tayirod ɗin nan da ke wuya mai haddasa maƙoƙo, sai wasu biyu da ban taɓa ji ba, FSH da AMH, sannan sikanin. Kafin in fita na yi ƙarfin hali na tambaye ta zancen allura. Ta ce allurar tsarin iyali takan jinkirta dawowar al'ada na wasu watanni, amma ba ta ƙarar da ƙwai. A kan matakalar asibitin na zauna na yi kukan farko, na sauƙi.

Da sakamakon ya fito, komai daidai sai waɗancan biyun. Yadda ta fassara min FSH bai taɓa fita daga kaina ba. Ta ce saƙo ne da ƙwaƙwalwa ke aika wa ma'ajiyar ƙwai kowane wata cewa ta nuna ƙwai ta saki. Kamar mai sallama a ƙofar gida ne, in an amsa masa da wuri ya yi shiru, in ba a amsa ba ya yi ta ɗaga murya. In ya haura 25 ga macen da ta yi wata huɗu ko fiye ba ta ga jini daidai ba, to mutanen gidan ba sa amsawa. Nawa 71. Ta ce in dawo bayan mako huɗu a sake, aka sake aka samu 64. Shi kuwa AMH, wanda ke nuna abin da ya rage a rumbu, ya yi ƙasa har na'urar ta kusa kasa karanta shi.

Rumbu ne kuwa da gaske. Namiji jikinsa na ƙera sabon iri har tsufa, mace kuwa da guzurinta take zuwa duniya: ƙwai miliyan 1 zuwa 2 ranar haihuwa, saura kamar 300,000 zuwa 400,000 lokacin balaga, kuma a duk rayuwarta waɗanda za su nuna su fito ba su wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran a hankali suke narkewa. Yawancin mata rumbun yana kai su tsakanin shekara 45 da 55. Kusan 5 cikin 100 sukan tsaya tsakanin 40 da 45. Masu tsayawa kafin 40 kuwa an daɗe ana cewa 1 ce cikin 100, sabon lissafi ya nuna sun fi haka, kuma wannan matsalar, wato gazawar ma'ajiyar ƙwai da wuri, ita likitoci ke kira POI a taƙaice. Ni ina ciki. Ranar ɗan sahu ya wuce unguwarmu da ni har kusan ƙarshen titi ban ce masa a sauke ba.

Na ɗauka an gama. A zama na gaba sai ta jawo farar takarda ta ce za mu zana dangi, mata da'ira, maza murabba'i. Ta ce kusan rabin abin da ke yanke shekarun da mace za ta daina al'ada gado ne, kuma wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta daina da wuri ta fi sauran mata haɗari. Nan na saki jiki. Umma ta haura 40 ta haifi autarmu, jini bai ɗauke mata ba sai bayan 50. Yayyenta da ƙannenta duk masu gida cike da 'ya'ya ne. Ta tambaya ko an taɓa yi min aiki a ciki, ko na sha maganin kansa, ko ina shan sigari. Babu ko ɗaya. Ta tambaya ko Umma da Baba auren zumunci ne, domin akwai ƙwayoyin gadon da ba sa nuna kansu sai an ɗauko su ta ɓangare biyu, kamar yadda muka sani a sikila, kuma a gidajen da ake auren dangi aka fi gano su. Na ce ba su haɗa komai ba.

"To dangin uba fa?"

Dariya ta kusa kuɓuce min. Ina ruwan uba da haila? Amma ina buɗe baki sai Gwaggo ta faɗo min. Ƙanwar Baba ce uwa ɗaya uba ɗaya. Haihuwa ɗaya ta yi tana yarinya, daga nan shiru, aure uku tana fita da sunan juya. Mun taso mun ga Gwaggo ba ta fashin salla, alhali a lokacin ba ta kai shekarun Umma ba. Ga maficinta da ba ya barin hannunta ko da hazo ya rufe gari, har muna kwaikwayonta a bayan ido. Ita dai abin da ta sani, kuma abin da dangi suka tafi a kai, kishiyarta ta gidan farko ce ta ɗaure mata mahaifa.

Likita ta cika da'irar Gwaggo da baƙi. Ta ce, akwai yaro a dangi, musamman namiji, da ya makara wurin magana ko karatu ya gagare shi? Akwai. Ɗan Yaya na uku, shekararsa 12, bai fara haɗa kalma biyu ba sai da ya kusa biyar. Doguwar fuska, manyan kunnuwa, ba ya haɗa ido da mutum, in ya ji daɗi ko ya tsorata ya yi ta kaɗa hannuwa. An ce shafar aljanu ce. Yaya kuwa 'yar ubana ce, 'yar ɗakin Mama, ba mu haɗa uwa ba. Ta ce, akwai dattijo mai rawar hannu ko tangaɗi in yana tafiya? Na ce Baba. Shekara biyar ke nan ba ya iya kai kofin shayi baki sai ya tallafa da ɗaya hannun, mun ce tsufa ne.

Ta ajiye biro. Ta ce ba za ta rantse ba sai an gwada, amma waɗannan ukun da ni huɗu suna kama da labari guda.

Ga labarin yadda na fahimce shi, kuma sai da na koma gida na zana shi da kaina kamar darasin aji kafin ya zauna. A ka'ida ɗan Adam yana da sandunan gado 46 a cikin ƙwayoyin jikinsa. Biyu daga ciki su ke raba jinsi: mace X biyu, namiji X da Y. A kan X akwai wata ƙwayar gado mai suna FMR1, wadda aka gano a 1991. A bakinta akwai haruffa uku, CGG, da ke maimaituwa kamar 'ya'yan carbi. Yawancin mutane nasu wajen 30 ne, kuma duk abin da bai kai 45 ba lafiya lau. Daga 55 zuwa 200 mutum yana nan garau da hankalinsa da karatunsa, sai dai kusan mace 1 cikin 5 masu irin wannan carbin rumbunta yana ƙarewa kafin 40, wasu mazan kuma bayan sun haura 50 rawar hannu da tangaɗi sukan kama su. In carbin ya wuce 200 ƙwayar sai ta rufe ruf, a haifi yaro da larurar ƙwaƙwalwar da ake kira Fragile X, wadda ta fi tsanani ga maza tunda ba su da X na biyu da zai rufa musu. Wani abin ɗaure kai, matan da ke tsakiya, wajen 80 zuwa 100, sun fi masu 150 shiga haɗarin ɗaukewar al'ada.

Wurin da ya hana ni barci shi ne rabon gadon. Uwa X biyu gare ta, don haka kowane ciki canki-canka ne, rabi da rabi, kuma a hannun uwa ne carbin kan ƙara tsawo har ya tsallake 200. Uba kuwa X ɗaya tak gare shi. 'Ya'yansa maza Y yake ba su, sun tsira. Mata kuwa duk wadda ya haifa wannan X ɗin zai ba ta, babu zaɓi. Mu bakwai ne mata a gidanmu, huɗu a ɗakin Mama, uku a ɗakin Umma.

Gwaji biyu ta rubuta. Na farko ƙirga sandunan ne, don akwai matan da ake haifa da X ɗaya maimakon biyu, larurar Turner, wajen 1 cikin 2,500. Wasunsu a wani sashe na jiki kawai abin yake, har su balaga su haihu, sai dai al'ada ta ɗauke da wuri. Na biyu ƙirga carbin FMR1. A lab ɗin da na je aka ce waje za a tura jinin, kuɗin kuma ya haura albashina na wata. Na roƙi uwar adashe ta ba ni kwasar da ba tawa ba. Bayan mako uku aka kira ni, ba don sakamako ba, wai jinin ya daɗe a hanya ya lalace, in zo a sake ɗiba. Ban biya sau biyu ba, amma sai da na ɗaga murya.

A makonnin jiran nan na zama 'yar intanet ta dole. A nan na ga wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2021, wanda ya gano wurare 290 a cikin gadon ɗan Adam da ke da hannu a shekarun daina al'ada, da yawansu masu aikin gyaran ƙwayar gado ne in ta samu rauni. Matan da aka yi binciken a kansu wajen 200,000 ne, kuma jinin Turai ne. Wannan ya tsaya min a rai. Mu da ake sakin mace a kan haihuwa, mu ne ba ma cikin lissafin. Na kuma gane cewa yawancin masu irin matsalata ana gama duk gwaje-gwajen nan ba a gano dalili ba.

Ni an gano. Sanduna 46, X biyu, babu Turner. Carbi kuwa ɗaya 30, ɗaya 86.

Maigidan ya karanta takardar sau biyu duk da na san bai fahimci komai a ciki ba. Ya tambaya ko shi ke nan babu haihuwa. Na gaya masa abin da aka gaya min: rumbun yakan farka jefi-jefi, mata 5 zuwa 10 cikin 100 sukan samu ciki bayan an tabbatar musu da wannan, amma babu maganin da ke jawo hakan, kuma in cikin ya zo akwai zancen carbin da zai iya tsawo. Zancen karɓar ƙwan wata mace ko tayar da shi ba mu yi ba, mun san matsayin malamanmu a kai. Ya yi shiru ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Bai yi min alkawarin ba zai ƙara aure ba, ni ma ban nema ba. Abu ɗaya na roƙa, ya je da kansa ya gaya wa Hajiya ba allura ba ce. Ya je.

Magani kuwa da farko ƙi na yi, don na sha jin cewa ƙwayoyin homon, wato na sinadaran jikin mace, suna kawo kansa. Likita ta ce wancan zancen na matan da suka wuce 50 ne ake ƙara musu abin da jiki ya riga ya sallama. Ni mayar min za a yi da abin da ya kamata a ce ina da shi, kuma rashinsa shekara 15 ko fiye shi ke cinye ƙashi ya raunana zuciya. Ta ɗora ni a kan istirojin kullum, da furojestaron na wasu kwanaki a wata don kare mahaifa, har zuwa wajen shekara 50. Cikin 'yan makonni gumin dare ya tafi, na dawo ina barci. Jini ma ya dawo wata-wata, sai dai na magani ne, ba alamar ƙwai ba. Ta ƙara min da bitamin D, ta ce in riƙa shan nono da madara, in riƙa taka ƙasa.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya rage. Umma na fara gaya wa. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tashi ta tura ƙofa, ta ce, "Ki rufa mana asiri. 'Yan mata uku ne a gidan nan ba a kai su ɗaki ba. Kina so a ce gidan wane ba a haihuwa?" Ban ga laifinta ba, na san garinmu. Na ce mata shekarun baya haka aka riƙa ɓoye zancen AS da SS, yanzu ga shi kafin a sa rana ake tambaya. Ta ce wannan daban. Muka rabu a kan ba za a yi shela ba, amma kowace 'ya sai ta ji nata.

Yaya na samu a kicin tana tuƙa tuwo, yaron na zaune bakin ƙofa yana jijjiga jiki gaba da baya. Bayan hannunsa ya yi kanta saboda cizo. Na yi ta kewaye-kewaye har ta ce, "Ke, faɗi abin da ya kawo ki." Da na gama ta sauke muciya ta ce, "Wato ni na sa masa." Na ce in haka ne Baba ne ya sa mana, shi ma daga mahaifiyarsa Inna ya karɓa, Inna ma wani ya ba ta, wa za a kama? Ita 'ya'yanta shida, al'adarta ko gezau, tana cikin mata huɗu cikin biyar ɗin nan da abin ke tsallakewa. Sai da ta yi wata biyu kafin ta yarda, muka haɗa kuɗi aka gwada ta da yaron. Nata ya faɗo cikin layin da nawa yake, nasa ya wuce 200. Tunda ba mu haɗa uwa ba, lissafin ya fita da kansa ko ba a taɓa jinin Baba ba. Larurar ba ta da maganin warkewa. Addu'a tana nan ana yi masa, amma an daina turara masa hayaƙi yana ihu, an kuma samo malamar da ke koya masa magana da haƙuri.

Auta shekararta 22, burinta ta gama digiri na biyu kafin aure. Ban ce mata ta fasa ba. Na ce ta san lambarta, ta riƙa duba rumbunta, in ta ga al'ada ta fara wasa kada ta tsaya wurin mai kemis. 'Yata kuwa tana aji huɗu, karatunta lafiya, likita ta ce a bar ta ta girma ta yanke da kanta ko za a gwada. Baba har yau ba mu gaya masa ba. Mun dai kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a kan rawar hannun, na ja likitan gefe na nuna masa takardata.

Gwaggo ce ta ƙarshe. Yanzu ta haura 60, bayanta ya ranƙwafa, bara ta zame a bakin rijiya, faɗuwar da ba ta kai a ce sannu ba, amma ƙashin wuyan hannunta ya karye. Na zauna a gefen tabarmarta na yi mata bayani da carbinta na gaske, ina ja tana kallo. Na gaya mata ba a gwada ta ba, don haka ba zan ce tabbas ba, amma Inna X biyu gare ta, kuma alamu sun nuna wanda ta ba Baba shi ta ba ta.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Shekara talatin da wani abu ban yi wa matar nan magana ba. Ta aiko a gaishe ni tana ciwon ajali, na ce a ce ba na nan." Ta karɓi carbin daga hannuna ta mayar wuya. Ta ce babbar 'yar marigayiyar kishiyar tata tana aure a Gusau, in nemo mata lambarta, in kuma sa mata kati a waya kafin in tafi.